Yadda Za Ki Rina Gashinki Launin Jan Ƙarfe ko Ruwan Zinare Mai Sirkin Ja a Gida

A 'yan shekarun nan, idan mata suka keɓe a ɗakin amarya a Nima ko Mamobi, suka zame ɗankwali domin shan iska, da wuya a rasa mutum biyu ko uku waɗanda gashinsu yake ɗaukar ido da wani irin ja mai kama da cikin sabuwar wayar lantarki da aka feɗe. Wannan shi ne launin jan ƙarfe, wanda ake rubuta wa Copper a jikin kwalin rini. Yana da ƙane da ya fi shi haske, wato ruwan zinare mai sirkin ja, wanda kwali yake kira Strawberry Blonde. Na daɗe ina rina nawa gashin a gida, na kuma rina wa ƙannena da maƙwabtana a nan Akara, kuma abin da na fahimta shi ne, wadda ta san inda za ta tsaya wajen koɗe gashi ta riga ta ci rabin aikin.

Dalilin haka yana cikin gashin kansa. Baƙin da muke gani a kanmu sinadari ne mai suna melanin, kuma iri biyu ne, akwai mai duhu, akwai mai ja da rawaya. Idan aka sa wa gashi maganin koɗewa, mai duhun ne yake fara narkewa, sai gashin ya riƙa sauya kama daki-daki: daga baƙi ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi ja, sannan ruwan goro, sannan rawaya, har ya kai fari-fari. Masu sana'ar gyaran gashi sun jera waɗannan matakai daga 1 zuwa 10, inda 1 yake baƙi wuluk, 10 kuma mafi haske. Gashin yawancinmu yana kan 1 ko 2. Jan ƙarfe yana zama a kan 6 ko 7, daidai wurin da gashinmu yake yin ruwan goro da kansa, don haka shi ne launin da ya fi kusa da mu kuma ya fi sauƙin samu ba tare da an wahalar da gashi ba. Ruwan zinare mai sirkin ja kuwa sai an kai 8 ko 9, kuma wannan tafiya ce mai nisa ga baƙin gashi mai murɗe-murɗe, wanda da ma can yana da saurin bushewa da karyewa. Ga wadda ba ta taɓa rini ba, shawarata ita ce ta fara da jan ƙarfe, ta zauna da shi na wasu watanni, ta ga yadda gashinta ya karɓe shi.

Kafin ki je kasuwa

Ki fara da tambayar kanki abin da gashinki ya gani a shekara biyu da suka wuce, domin gashi ba ya mantuwa. Idan kina sa rilaksa, wato man miƙar da gashi, ki sani cewa ta riga ta karya wasu daga cikin igiyoyin da suke riƙe ƙarfin gashin, kuma ɗora hodar koɗewa a kan irin wannan gashi shi ne hanya mafi sauri ta rasa shi. Na ga wannan da idona. Wata ƙanwata ta sa rilaksa ranar Talata, ta sa hodar koɗewa ranar Alhamis saboda bikin ƙawarta da za a yi ranar Lahadi, kuma da muka zo ɗauraye kan, gashin ƙeyarta yana biyo yatsuna kamar jiƙaƙƙiyar auduga, tana kallon bokiti tana hawaye. Sai da ta yi fiye da shekara kafin wurin ya cike. Mai rilaksa ta haƙura da hoda gaba ɗaya, ta tsaya a kan rinin kwali kaɗai, kuma ta bari aƙalla mako biyu su shiga tsakanin rilaksa da rini.

Idan kuma kin taɓa rina gashinki baƙi, rinin kwali mai haske ba zai taɓa ɗaga wancan baƙin ba, domin rini ba ya koɗe rini. Abin da za ki samu shi ne saiwa ja, jela baƙa. Irin wannan gashi yana bukatar maganin cire tsohon rini tukuna, kuma wannan aiki ne da ya fi kyau a kai wa ƙwararriya a shago. Haka ma wadda ta saba sa lalle a kai, musamman na kanti wanda aka gauraya da wasu abubuwa, domin wasu daga cikinsu suna ɗauke da gishirin ƙarfe wanda idan ya haɗu da ruwan haɗin rini yake yin zafi har ya ƙone gashi.

Abin da za ki saya

Ana samun kayan a shagunan kayan kwalliya na Makola da Madina da cikin kasuwar Nima. Akwai hanya biyu. Ta farko ita ce rinin kwali wanda yake koɗewa yana rinawa a lokaci guda, irin na Dark and Lovely ko Creme of Nature, kuma wannan ya ishi gashin da ba a taɓa rinawa ba ya kai jan ƙarfe mai ɗan duhu. Ta biyu ita ce a koɗe gashin da hoda, wadda masu shago suke kira bilic, sannan a ɗora launi daga baya, kuma ita ce kaɗai hanyar samun jan ƙarfe mai haske sosai ko ruwan zinare.

Hoda ba ta aiki sai da ruwan haɗi, wato dibelofa, kuma lambar da ke jikin kwalbar tana nuna ƙarfinsa. Lamba 10 tana da kashi 3 cikin ɗari na sinadarin da yake koɗe gashi, lamba 20 kashi 6, lamba 30 kashi 9, lamba 40 kuma kashi 12. Mai shago zai iya ce miki ki ɗauki 40 don ta fi sauri, kuma gaskiya ne ta fi sauri, amma tana ƙone fatar kai, kuma ba abar taɓawa ba ce ga mai aiki a gida. Ki ɗauki 20 domin koɗewa, ki ɗauki 10 domin ɗora launi. A kan bututun rini za ki ga lamba kamar 7.4 ko 8.34. Lambar farko ita ce matakin haske, wadda ke bayan ɗigo kuma ita ce launin, kuma a tsarin kamfanoni da yawa 3 tana nufin ruwan zinare, 4 tana nufin jan ƙarfe. Tun da ba dukan kamfanoni ne suke bin tsari ɗaya ba, ki nemi a nuna miki allon samfurin launukan kamfanin da za ki saya.

Ki duba ranar ƙarewar aikin kowane abu, ki tabbata murfin bai taɓa buɗewa ba, kuma ki guji hodar da ake aunawa a ƙulle a leda babu suna babu takarda. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, FDA, ita ce take yi wa kayan kwalliya rajista a ƙarƙashin dokar kiwon lafiyar jama'a ta 2012, kuma kayan da babu sunan kamfani a jikinsu ba wanda za ki riƙe idan sun cuce ki. Sauran kayan aiki su ne kwanon roba, domin na ƙarfe yana ɓata haɗin, da burushin shafa rini, da safar hannu, da mataji mai manyan haƙora, da maƙalan gashi na roba guda huɗu, da basilin, da hular leda, da tsohuwar riga wadda ba za ki ji zafin ɓacinta ba. Idan gashinki yana da cika ko ya kai kafaɗa, ki sayi kwali biyu, domin babu abin da ya kai ƙarewar rini ciwo alhali rabin kai bai samu ba.

Gwaji biyu da ba a tsallakewa

Gwajin farko na fata ne. Yawancin rini mai daɗewa yana ɗauke da sinadarin PPD ko danginsa, kuma akwai jikin da ba ya karɓar sa ko kaɗan. Ki shafa ɗan rinin a bayan kunne ko a cikin gwiwar hannu yadda takardar kwalin ta bayyana, ki jira awa 48. Idan kika ga ƙaiƙayi, ko ja, ko ƙuraje, ko kumburi, to wannan rini ba naki ba ne. Wadda baƙin lalle ya taɓa tayar wa ƙuraje a hannu ko ƙafa lokacin ƙunshin biki ta nisanci rinin gashi mai daɗewa har sai ta ga likita, domin sau da yawa wannan sinadari ne a cikin baƙin lallen, kuma jikin da ya taɓa yin bori a kansa yakan fi tsananta a karo na biyu. Ba a sa rinin gashi a gira ko gashin ido, kuma ba a yi shi domin yara 'yan ƙasa da shekara 16 ba.

Gwaji na biyu na gashi ne. Ki tara gashin da ya fita a mataji, ko ki yanki ɗan kaɗan daga ƙeya, ki ɗaure shi da zare, ki yi masa duk abin da kike shirin yi wa kanki, kina duba agogo. Wannan ɗan ƙullin gashi zai gaya miki minti nawa gashinki yake bukata kafin ya yi ruwan goro, kuma zai nuna miki ainihin launin da za ki samu, wanda sau da yawa ya sha bamban da na matar da ke jikin kwali. Idan kin ɗauraye shi, ki ja shi a hankali yana jiƙe. Idan ya ɗan miƙe ya koma, gashin yana da ƙarfi. Idan ya riƙa jawuwa kamar cingam ko ya tsinke, ki ajiye maganar rini, ki koma jinyar gashi.

Ranar aiki

Ki tsefe kitso kwana uku ko huɗu kafin ranar, domin fatar kai ta huta daga jan da ta sha. Kada ki wanke kai a kwana biyu na ƙarshe, kada kuma ki sosa shi da farce ko tsinke, saboda maiƙon da fata take fitarwa shi ne garkuwarta, kuma ko ƙaramin ƙarzuwa zai yi raɗaɗi idan hoda ta taɓa shi. Wadda take da gyambo ko amosanin da ya tayar da fata ta bari sai ta warke.

Ki zaɓi safiya, ki zauna inda iska take shiga kuma hasken rana yake isa, domin hasken ƙwan lantarki yana ruɗin ido wajen gane launi, ga shi kuma ana iya ɗauke wuta kina tsaka da aiki. Akwai wani abu da mu mazauna Akara ba za mu manta da shi ba, shi ne ruwa. Kada ki dama komai sai kin ga ruwan ɗauraya a gabanki, aƙalla jarka biyu na irin rawayan nan da ake kira galan ɗin Kufuor, saboda idan famfo ya tsaya alhali lokacin hoda ya cika, kowane minti da kika ɓata wajen neman ruwa gashinki ne yake biyan sa. Ki kuma nemi 'yar uwa ta taya ki, domin babu mai ganin ƙeyarta da kyau.

Ki taje gashin sosai ya warware, ki raba shi gida huɗu, tsaga ɗaya daga goshi zuwa ƙeya, ɗaya daga kunne zuwa kunne, ki maƙale kowane gida. Ki shafa basilin a goshi da kunnuwa da wuya ba tare da ya taɓa gashin ba. Sannan ki sa safar hannu ki dama hoda, yawanci awo ɗaya na hoda da awo biyu na ruwan haɗi, misali giram 30 da mililita 60, sai dai idan takardar kamfanin ta faɗi wani abu dabam. Kaurinsa ya zama kamar na kindirmo, kuma ki riƙa dama kaɗan-kaɗan, domin haɗin da ya daɗe a kwano ƙarfinsa yana raguwa.

Ki fara daga baya, inda gashi ya fi kauri da duhu, kina ɗibar siririn layi kina shafe shi sama da ƙasa har ya jiƙe sharkaf. Rowar hoda ita ce take kawo dabbare-dabbare. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne ki bar kimanin santimita biyu daga fatar kai ba ki taɓa ba. Ɗumin kai yana sa gashin da ke kusa da fata ya koɗe da sauri fiye da sauran, kuma wannan kuskure na yi shi a karona na farko: na fara daga saiwa, na ƙare da kai mai rawaya a tushe da ja mai duhu a jela, na yi mako uku ba na zame ɗankwali ko a gaban ƙawayena. Sai tsakiyar gashi da jelarsa sun kai ja mai haske sannan ki dama sabon haɗi ki shafa wa saiwar. Gashin gaban goshi da na gefen kunne ya fi kowanne laushi, don haka shi ne na ƙarshe.

Ki rufe kan da hular leda domin kada hodar ta bushe, tun da busasshiyar hoda ta daina aiki. Kada ki shiga rana, kada ki kunna na'urar busar da gashi, zafin garin nan kaɗai ya isa ya hanzarta aikin. Duk bayan minti biyar ki share ɗan wuri da jiƙaƙƙen tsumma ki duba. Domin jan ƙarfe, da zarar kin ga ruwan goro, irin wanda yake fitowa a bakin tsohuwar da ta tauna jan goro, to ki tsaya nan take ki ɗauraye. Kada ki wuce lokacin da takarda ta yanke, wanda yawanci yake tsakanin minti 30 da 45 daga lokacin da kika fara shafawa, ko da launin bai kai inda kike so ba. Ɗan tsikari a fata ba abin damuwa ba ne, amma idan ya zama ƙuna ki wanke ba jira. Idan fuska ko leɓe suka fara kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a wanke kan a garzaya asibiti, ko a kira lambar gaggawa ta 112.

Ki ɗauraye da ruwa mai yawa har sai ba ki jin tsantsin hoda, ki wanke da shamfu mai laushi, ki tsane da tawul ba tare da gurzawa ba.

Ɗora launi

Gashin da aka koɗe a buɗe yake, yana shan launi da sauri, don haka ba ya bukatar ruwan haɗi mai ƙarfi. Ki dama 7.4 da lamba 10 bisa awon da kamfanin ya bayar, ki shafa a busasshen gashi daga saiwa zuwa tsakiya, ki bar jela sai a minti goma na ƙarshe, domin ita ta fi tsufa kuma ta fi zuƙar rini har ta yi duhu fiye da sauran. Yawancin irin wannan rini yana ɗaukar kusan rabin awa. Idan kina son ki sauƙaƙa wa gashin, akwai rinin da ba ya bukatar ruwan haɗi, irin na Adore, wanda yake zama a saman silin gashi kawai. Ya fi saurin fita, amma ba ya ƙara wa gashi rauni, kuma shi nake fifitawa ga duk wadda gashinta ya nuna gajiya bayan hoda.

Mai amfani da rinin kwali kaɗai, ba tare da hoda ba, ita ma za ta bi tsarin shafa hoda na raba gashi gida huɗu da barin saiwa sai ƙarshe, ta kuma kiyaye lokacin da aka rubuta.

Ruwan zinare mai sirkin ja kuwa ba a samun sa a zama ɗaya daga baƙin gashi, kuma duk wadda ta nace sai ta same shi a yini guda za ta biya da tsawon gashinta. A zama na farko ki tsaya a ruwan goro kamar kowa, ki ɗora jan ƙarfe mai sauƙin fita ko ki bar shi haka a ƙarƙashin ɗankwali, ki yi mako uku ko huɗu kina ba shi mai da abin laushi. Idan kin ja shi yana jiƙe kamar a gwajin gashi kika ga yana da ƙarfi, sai ki sake koɗewa da lamba 20 har ya kai rawaya irin ta ɓawon nunanniyar ayaba. Wajen haɗa launin, ruwan zinare ne uwa, ja kuma ɗan yaji ne kawai. Ni nakan haɗa awo uku na 9.3 da awo ɗaya na 8.4, na gwada a ƙullin gashi, sannan na ƙara jan idan na ga ya yi kaɗan. Ƙara ja abu ne mai sauƙi, rage shi ne yake da wuya.

Ga iyayenmu masu furfura akwai hanyar da ta fi duk wannan sauƙi, wato lallen gargajiya zalla, wanda aka daka daga ganye. Lalle ba ya koɗe baƙin gashi, iyakarsa ya ba shi ɗan ja da ake gani a rana, amma a kan furfura yana fitar da jan ƙarfe mai kyau, kuma rina furfura da lalle abu ne da ya zo a hadisi. Sai dai a sani cewa lalle yana kama gashi kamun da ba ya saki, don haka wadda take tunanin komawa ga hoda nan gaba ta yi nazari kafin ta sa shi.

Bayan rini

Ja ya fi kowane launi saurin gudu daga gashi. Ki bar kan kwana biyu ko uku kafin wankin farko, daga nan kuma ki tsaya a kan wanki sau ɗaya a mako, da ruwan sanyi da shamfun da aka yi domin rinannen gashi. Sabulun salo, wanda ake kira alata samina a nan, yana da kyau a jiki, amma yana da kaifi ƙwarai a kan rini, kuma wanki biyu ko uku da shi sun isa su dusashe aikin da kika sha wahala a kansa. Shamfu mai launin shuɗi ko shunayya, wanda ake sayar wa masu farin gashi, an yi shi ne domin kashe ruwan goro da rawaya, wato ainihin launin da kike nema, don haka ki bar shi a shago. Idan launin ya fara dusashewa, ki zuba ɗan rinin da ba ya bukatar ruwan haɗi a cikin farin kwandishana, wato abin laushin gashi, ki shafa na minti goma sha biyar, ki ɗauraye.

Kowane mako ki ba gashin abin laushi mai kauri, ki rufe da leda na rabin awa, bayan ɗauraya kuma ki shafa man kaɗanya ko man kwakwa tun yana da danshi. Wannan ya fi zama dole a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska take tsotse danshin gashi. Ki sa hular siliki a ƙarƙashin ɗankwali da lokacin barci, domin atamfa da auduga suna shanye mai kuma suna gogar gashin gaban goshi. Idan za ki shiga teku a Labadi, ki jiƙa kan da ruwan daɗi ki shafa mai tukuna, ki kuma ɗauraye da zarar kin fito. Ki ɗaga wa gashin ƙafa daga ƙaramin kitso mai jan fatar kai da ƙarfen miƙar da gashi na aƙalla mako biyu.

Gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, don haka bayan mako shida zuwa takwas za ki ga baƙi ya fito a saiwa. Idan za ki gyara, ki shafa wa tsohon gashin kwandishana mai kauri domin ya kare shi, sannan ki sa hoda a kan sabon tsiron kaɗai, kina tsayawa daidai inda baƙin ya ƙare, saboda wurin da hoda ta hau sau biyu shi ne wurin da gashi yake karyewa. Tun da saiwa tana kusa da ɗumin kai, za ta kai ruwan goro da sauri fiye da yadda tsawon gashin ya yi a karon farko, don haka ki fara dubawa tun daga minti goma.